Lambar da ta sauka a daren Alhamis

A ɗakin gwaje-gwajen asibiti nake aiki, sashen da ake auna sinadaran jini. Ba kasafai nake ganin fuskar marasa lafiya ba. Abin da ke zuwa hannuna 'yar kwalba ce mai murfi, da lamba manne a jikinta, da takardar da likita ya cike cikin sauri. Amma akwai kwalaben da tun kafin su shiga inji ka san labarinsu. Jinin mai matsanancin ciwon hanta idan aka juya shi ya rabu, ruwan da ya taso sama ba ya yin garau irin na mai lafiya. Sai ka gan shi ruwan ɗorawa mai duhu, wani lokaci har da kore-kore, in ka karkata kwalbar ya bar shafi a jikinta.

Ina shekara ta biyu a aikin aka kwantar da wata mata mai kimanin shekara 40. Ta yi wajen wata biyu tana shan magungunan tarin fuka, sai shawara ta bayyana a idonta, cin abinci ya gagara. Ranar da ta zo, sinadarin ALT ɗinta, wanda ke hawa a jini idan hanta ta ji rauni, ya haura 1,400, alhali na mai lafiya bai cika wuce 40 ba. Kullum jininta yana biyowa ta tebur ɗina, ni kuma na sa lambar nan a rai. Ta sauka zuwa 900, ta koma 500. Daren wata Alhamis ina aikin dare injin ya fitar da 180. Ban jira an zo karɓa ba, na ɗaga waya na kira likitar da ke kula da ita, da murnata.

"Likita, albishirinki. ALT ɗin matar nan ta gado na 6 ya dawo 180."

Ta ce, "Malam, INR fa?"

Na duba ɗaya takardar, ta INR, awon da ke hawa idan jini yana jinkirin daskarewa. 4.8 ne, kuma kwana biyu baya 2.9 yake. Ta tambayi bilirubin, sinadarin da ke kawo shawara, na ce ya wuce 400. Ta yi shiru har na zaci wayar ta yanke. Can ta ce, "Wannan ba sauƙi ba ne. Ƙwayoyin da za su zubar da ALT ɗin ne suka ƙare." Ranar Litinin matar ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Na daɗe da wannan magana a zuciyata, kuma ita ce ta tura ni karatun abin da zan faɗa a nan.

ALT inzayim ne, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, da ke zaune cikin ƙwayoyin hanta yana aikinsa. Ba shi da hurumi a cikin jini sai ɗan kaɗan. Idan bangon ƙwaya ya fashe ko ya yi rauni, sai ya tsiyayo, mu kuma mu auna shi. Tun tsakiyar shekarun 1950 ake wannan awo, shi da ɗan'uwansa AST, kuma har yau babu gwajin hanta da ya kai su arha da sauri. Sai dai labarin ɓarnar jiya da shekaranjiya suke bayarwa. Rabin ALT da ke yawo a jini yana ɓacewa cikin awa 47 ko kusa da haka, na AST kuma cikin kimanin awa 17. To hayaƙi kan ragu don an kashe wuta, yakan kuma ragu don gidan ya cinye ƙurmus. Lambar ALT ita kaɗai ba za ta bambance maka su ba. Ga shi kuma tsoka ma tana ɗauke da waɗannan inzayim, musamman AST, shi ya sa wanda tsokarsa ta daku zai iya zuwa da lamba mai tayar da hankali, hantarsa lafiya lau.

Watanni bayan rasuwar matar nan na ga kishiyar labarinta. Wani saurayi ne, bai kai 25 ba, ciwon haƙori ya hana shi barci ya dinga watsa farasitamol ba lissafi na kwana uku, ya zarce giram 4 da aka ƙayyade wa babban mutum a yini nesa ba kusa ba. Injin ya ƙi karanta jininsa saboda lambar ta wuce iyakarsa. Sai da na sirka ruwan jinin da ruwan gishiri, kashi 1 cikin 20, na sake sawa, na ninka sakamakon: sama da 11,000. Na maimaita don ban yarda da idona ba. Mahaifiyarsa ta gano tagar da muke karɓar jini, kullum da safe tana nan tsaye da mayafinta a hannu tana murzawa.

"Ɗan nan, lambar ta sauka?"

"Mama, likita ne zai yi miki bayani, amma ana kan kula da shi sosai."

Ban ƙara yin gangancin yi wa kowa albishir da lamba ɗaya ba. Yaron ya ruɗe na kwana biyu, INR ɗinsa ya hau, sannan ya fara saukowa. Kwana 12 ya fita da ƙafarsa. Mai 11,000 ya tashi, mai 180 ta tafi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga masu kula da cutar. Abin da ake kira gazawar hanta ta farat ɗaya shi ne mutumin da ba a san shi da tsohon ciwon hanta ba, hantarsa ta daina aiki cikin ƙasa da mako 26, jininsa ya daina daskarewa yadda ya kamata har INR ya kai 1.5 ko fiye, sannan ƙwaƙwalwarsa ta fara ruɗewa: barcin rana da farkawar dare, hannu yana kaɗawa kamar fiffike in an ce ya miƙe shi, daga nan sai suma. A 1993 John O'Grady da abokan aikinsa a Landan suka raba cutar gida uku bisa tazarar da ke tsakanin fitowar shawara da ruɗewa: cikin kwana 7, daga kwana 8 zuwa 28, sai daga mako 5 zuwa 12. Abin mamaki, waɗanda ciwon ya fi faɗo wa da ƙarfi cikin kwana 7, irin masu farasitamol, su suka fi tashi da hantarsu ta asali. Masu ci a hankali, da ALT mara yawa da bilirubin mai hawa, su ne suka fi shiga haɗari in ba a yi musu dashe ba. A Amurka da Birtaniya farasitamol ne kan gaba wajen haddasa cutar, a Amurka kusan rabin masu ita. A yawancin Asiya da Afirka kuwa ƙwayoyin cutar hanta ne, musamman nau'in B da E, kuma nau'in E yana da muni ƙwarai ga mai ciki a watannin ƙarshe.

Tambayar da ke hana likita barci ita ce: wannan hantar za ta farfaɗo da kanta, ko sai an sauya ta? Hanta gaɓa ce mai iya sake tsirowa. In aka yi gaggawar dashe, an cire wadda da ta warke, an ɗora wa mutum shan maganin danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwarsa, an kuma hana wani mai jira. In aka yi jinkiri, ƙwaƙwalwa ta kumbura ko ƙwayoyin cuta su mamaye jini, lokaci ya wuce. Ma'aunin da aka fi dogara da shi na asibitin King's College ne na Landan, wanda aka fitar a 1989. Ga mai farasitamol, ana duba ko tsamin jini ya sa pH ya faɗi ƙasa da 7.3, ko kuma abubuwa uku sun haɗu: INR sama da 6.5, kiriyatinin, awon aikin ƙoda, sama da 300, da ruɗewa mataki na 3 ko 4. A Faransa, ma'aunin Clichy ya fi karkata ga sinadarin daskarewa na 5 da shekarun mara lafiya. Ranar da na zauna na karanta su da kyau, abin da ya fara bugun idona shi ne babu ALT a ciki ko ɗaya. Lambar da na fi kowacce mayar da hankali a kai ba ta cikin lissafin rai da mutuwa. Duk da haka ma'aunin King's yana da rauninsa: wanda ya cika sharuɗɗan lalle yana cikin haɗari, amma mutane da yawa suna mutuwa ba su cika su ba. Daga nan ne masu bincike suka koma neman alamun da za su faɗi yadda ƙwayoyin ke mutuwa, ba yawan waɗanda suka mutu kawai ba.

Don kuwa mutuwar ƙwaya iri-iri ce. Akwai ta fashewa, wadda ake kira nekrosis: ƙwayar ta rasa kuzari, ta kumbura, ta tsage, kayan cikinta su watsu, maƙwabta su ji a jikinsu, garkuwar jiki ta taso da kumburi. Akwai kuma ta tsari, afoftosis, inda ƙwayar ke rushe kanta da kanta, ta tsuke, ta ƙulle kayanta ƙunshi-ƙunshi, a zo a kwashe ba hayaniya. John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie ne suka raɗa mata wannan suna a 1972, daga kalmar Girkanci mai nufin zubar ganye daga bishiya. Na ji daɗi da na gano cewa a hanta Kerr ya fara lura da ita, a hantar ɓeraye da ya ɗaure wa wani reshe na jijiyar da ke kawo jini daga hanji. Yanzu an san wasu hanyoyin a tsakanin waɗannan biyu, amma su biyun ne muke da kyakkyawar hanyar bambancewa a jini.

Yadda ake bambancewar ya burge ni. A cikin ƙwayar hanta akwai zaruruwan furotin da ke riƙe da siffarta kamar igiyoyin tanti, ɗaya daga ciki shi ne keratin 18. Idan ƙwaya ta zaɓi mutuwar tsari, wasu inzayim masu aikin almakashi da ake kira kasfes sukan yanka wannan igiya a wurare sanannu, ɗaya a gaɓa ta 396. Yankan yana fito da wani baki sabo wanda babu shi a igiyar da ba a taɓa ba. Gwajin M30 wannan bakin kaɗai yake gani. Gwajin M65 kuwa yana ƙirga igiyar duka, yankakka da cikakkiya. Saboda haka idan M65 ya yi sama ƙwarai M30 bai bi shi ba, fashewa ce ta fi yawa, kuma haka ake gani a gubar farasitamol. Dalilin a bayyane yake: hanta tana juya wani ɓangare na maganin zuwa guba mai suna NAPQI, wani sinadarin kariya na hanta mai suna gulutatayon yana kama ta yana kashe mata kaifi, in ya ƙare sai gubar ta manne wa furotin ɗin maitokondiriya, wato injin kuzarin ƙwaya, injin ya tsaya. Mutuwar tsari kuwa tana buƙatar kuzari. Ƙwayar da wutarta ta ɗauke ba ta da halin tattara kayanta, fashewa kawai za ta yi.

Sau ɗaya na taɓa yin wannan gwaji da hannuna, a wani horo. Faranti ne na roba mai ramuka 96, kowane rami ka ɗiga masa ɗan ruwan jini, ka rufe, ka ɗora a injin girgiza na awanni, ka wanke sau da yawa, ka zuba sinadarin launi. Ramukan suka fara yin shuɗi a hankali, wasu fari-fari, wasu shuɗi mai kauri. Da aka ɗiga ruwan tsayarwa sai duk suka juye rawaya a lokaci ɗaya. Na tsaya ina kallon rami guda da ya fi sauran duhu, ina tunanin cewa ragowar igiyoyin ƙwayoyin wani mutum ne nake gani. A ranar kuma na fahimci matsalar gwajin: yini guda ya ci, kuma ba wanda zai buɗe farantin ramuka 96 saboda mara lafiya ɗaya da ƙarfe 2 na dare.

Sakamakon bincike a kansa ma bai zo da baki ɗaya ba. A 2008 masu bincike a Hanoba ta Jamus suka ruwaito cewa waɗanda suka warke da kansu sun fi nuna alamar aikin kasfes, wato hantar da har yanzu take iya mutuwar tsari tana da sauran ƙarfi. Ƙungiyar cibiyoyin Amurka da ke nazarin cutar tun ƙarshen shekarun 1990 kuwa ta samu M30 ya fi yawa a jikin waɗanda suka mutu ko aka yi wa dashe. A 2010 wasu a Essen suka cire bilirubin daga lissafin MELD, wani ma'aunin tsananin ciwon hanta, suka sa M65 a gurbinsa, suka ga hasashen ya inganta. A 2012 Anna Rutherford da ƙungiyar Amurkan suka haɗa M30 da matakin suma da INR da bilirubin da fosfet, ma'aunin ya fi na King's da MELD gano masu buƙatar dashe. Amma da ƙungiyar ta fitar da wani ma'auni a 2016, babu M30 a ciki. Abubuwan da kowane asibiti ke da su a bakin gado aka ɗauka. A ganina saɓanin ba abin mamaki ba ne. An zuba mai farasitamol da mai cutar hanta nau'in B da mai gubar wani magani a kwando ɗaya, kuma wani an ɗebi jininsa a rana ta 2, wani a rana ta 10. Ƙari a kan haka, keratin 18 ba na hanta kaɗai ba ne, akwai shi a hanji da huhu da ƙoda, kuma mai gazawar hanta sau da yawa waɗannan ma suna wahala.

Akwai wasu alamun. GLDH inzayim ne na cikin maitokondiriya, kuma ciwon tsoka ba ya ɗaga shi yadda yake ɗaga ALT da AST. A 2012 Mitchell McGill da Hartmut Jaeschke a Kansas suka nuna cewa jinin masu gubar farasitamol yana ɗauke da shi tare da gutsattsarin DNA na maitokondiriya da na cibiyar ƙwaya, shaida a jikin mutum ta abin da aka daɗe ana gani a ɓeraye. HMGB1 furotin ne da ke manne da DNA. Tun 2002 aka nuna cewa ƙwayar da ta fashe tana sakinsa ya zama ƙararrawar da ke kiran kumburi, mai mutuwar tsari kuwa tana riƙe shi. A nan dole in faɗi abin da ya ɓata mini rai: wasu takardun da suka yi fice a kan nau'o'in HMGB1 an janye su daga baya saboda matsala a bayanan awo. Marasa lafiya ne suka ba da jininsu aka yi aikin, kuma mutane sun gina shekarun bincike a kai.

Wanda na fi sa wa rai shi ne miR-122, wani ɗan guntun RNA da ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na ire-irensa a hanta, kuma da wuya a same shi da yawa a wata gaɓa. An nuna shi a ɓeraye a 2009, a mutane a 2011. Amfaninsa yana farkon lamari ne. Mai gubar farasitamol yakan iso asibiti cikin awannin farko da ɗan tashin zuciya kawai, ALT ɗinsa lafiya, domin lambar ba ta kai ƙololuwa sai rana ta 3 ko ta 4. Maganin karya gubar, asetilsistin, wanda Laurie Prescott ya tabbatar da bayarwarsa ta jijiya a Edinbara a ƙarshen shekarun 1970, ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Jadawalin Rumack da Matthew na 1975, mai hasashen haɗari daga yawan farasitamol a jini, yana taimakawa ne in an san lokacin da aka sha kuma a tashi ɗaya aka sha. Ga mai irin shan saurayin nan na kwana uku, ba ya aiki. A 2018 James Dear da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kan marasa lafiya sama da 1,000 a Birtaniya, inda miR-122 da keratin 18 da HMGB1 na jinin farko suka hango waɗanda hantarsu za ta lalace, har a cikin masu ALT na lafiya. A nan nake ganin waɗannan alamu za su fi ceton rai, a ƙofar shigowa, lokacin da ƙwayoyin da ake ƙoƙarin karewa suna nan da rai. Cikas ɗin shi ne awon miR-122 yana bin hanyar PCR, wato ninka ƙwayoyin gado a inji, mai cin lokaci, kuma yawansa yana bambanta sosai ko a tsakanin masu lafiya. Ina fatan in ga ranar da za a mayar da ɗaya daga cikinsu gwajin minti 20 a bakin gado.

Idan kuwa cutar ta riga ta yi nisa, irin halin matar nan, ƙirga matattun ƙwayoyi ba ya wadatarwa. Dole a tambayi masu rai. INR yana yin haka, domin hanta ce ke ƙera sinadaran daskarewa, kuma na 7 a cikinsu rabinsa yana ƙarewa cikin awa 6 ko ƙasa, don haka da masana'antar ta tsaya za a gani. Laktet, wani sinadari mai tsami a jini, yana hawa in hanta ta kasa kwashe shi. Sukari yana faɗuwa. Amoniya in ta haura 150 ana fargabar kumburin ƙwaƙwalwa, shi ya sa nake faɗa da duk wanda ya kawo mini kwalbarta ba a cikin ƙanƙara ba, ko ya bar ta ta kwana a aljihu, don lambar za ta hau ta ƙarya. Sannan akwai alamun tsirowa. Alfa-fitofurotin furotin ne na hantar ɗan tayi, yana dawowa idan ƙwayoyi suna rabuwa, kuma hawansa daga rana zuwa rana alama ce mai kyau. Fosfet kuma ƙwayoyin da ke sake gini suna zuƙe shi daga jini don yin kuzari, sai ya faɗi. In ya tsaya a sama, ko hantar ba ta gini, ko ƙoda ta gaza, ko duka biyun.

Makon jiya ina aikin dare aka kawo jinin wata yarinya, rana ta 4 da shan farasitamol fiye da kima. Na jera takardun huɗu a gabana kafin in taɓa waya. Likitan da ya ɗauka sabo ne, muryarsa duk gajiya.

"Likita, gado na 3. ALT ya sauko daga 7,200 zuwa 4,100. INR jiya 5.1, yau 3.6. Laktet 1.9. Fosfet ya faɗi zuwa 0.4."

Na ji yana rubutawa. Ya ce in maimaita fosfet ɗin, na maimaita.

"To, Malam, bari in sa a ƙara mata shi ta jijiya. Ka sake auna mana da ƙarfe 6."

Na rubuta ƙarfe 6 a bayan hannuna, na koma kan kwalaben da ke jira.